Ƙafar tsohon jirgin ruwa: yaushe ake gyara ta, yaushe ake sauya ta?

A Amurka da Kanada da ƙasashen arewacin Turai akwai ɗimbin ƙananan jiragen ruwa na shan iska da aka ƙera tsakanin shekarun 1960 da farkon shekarun 1990, waɗanda yanzu suke jibge a kan tirela a bayan gidaje, an lulluɓe su da tamfol. Gangar jikinsu ta faiba ce, wato zaren gilashi da aka daskarar da gam, shi kuwa faiba ba ya ruɓewa, shi ya sa masu sha'awa kan saye su da araha su ta da su. Kusan duk wanda ya shiga wannan aiki, tun bai gama wanke jirgin ba zai tsaya a bayansa yana kallon ƙafar da ke ɗauke da farfela, fentinta duk ya ɓare, yana tambayar kansa ko za ta gyaru ko kuwa sabuwa zai nema. Tambayar tana da nauyi, domin sau da yawa kuɗin sabuwar ƙafa da kayan da ke biye da ita ya fi abin da aka biya wajen sayen jirgin gaba ɗaya.

Ga wanda bai saba ganin irin wannan jirgi ba, ga yadda tsarin yake. Injin da aka fi sani a kan kwale-kwalen kogin Neja da Binuwai da tafkin Kainji shi ne na ratayawa: inji da giya da farfela duk a jiki ɗaya, a ɗaure shi a baya, in an tashi aiki a kwance shi a kai gida. Wanda muke magana a kai daban yake. Injinsa na mota ne da aka sauya wa kaya don ya yi aiki a ruwa, galibi ƙirar General Motors ko Ford, kuma a cikin jirgi yake zaune. An huda bangon bayan jirgin, ƙarfin injin ya fita ta wannan rami zuwa wata na'ura ta alminiyam da ke waje. A cikinta ƙarfin yana karya kwana sau biyu: ya fito a miƙe, giyar sama ta juya shi ƙasa, giyar ƙasa ta sake juya shi baya zuwa farfela. Na'urar tana karkata dama da hagu, ita ce ke juya jirgin, tana kuma ɗagawa sama idan an zo ruwa mara zurfi ko za a hau tirela. Wannan ita ce ƙafar.

Kamfanin Volvo Penta na Suwidin ne ya fara kai ta kasuwa, a bikin baje kolin jiragen ruwa na birnin New York a farkon 1959, da sunan Aquamatic. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Jim Wynne ne ya yi rajistar ƙirƙirar, ko da yake daga baya ta bayyana cewa dabarar ta Charles Strang ce, babban ma'aikaci a kamfanin Mercury a lokacin, wanda maigidansa Carl Kiekhaefer ya ƙi saurara sa'ad da ya kawo ta. Da Mercury ya ga kasuwa ta buɗe sai ya fito da tasa, MerCruiser, a 1961. OMC, kamfanin da ke da injinan Johnson da Evinrude a lokacin, ya biyo sahu. Waɗannan gidaje uku su suka raba kasuwar a tsakaninsu shekara da shekaru, kuma gidan da ƙafa ta fito yana da tasiri a kan gyaruwarta a yau fiye da yawan shekarunta.

Akwai ayyuka uku da mutane kan cakuɗa wuri ɗaya idan suna wannan lissafi, alhali kuɗinsu ko kusa ba ɗaya ba ne. Mafi sauƙi shi ne a cire ƙafar kaɗai a sa wata irinta. A ƙafar MerCruiser da ake kira Alpha One wannan bai kai aikin yini ba: a sa giyar gaba, a kwance sandunan haidirolik biyu masu ɗaga ta, a kwance noti shida, mutum biyu su zare ta. Sai kuma sauya ƙafar tare da mazauninta, wato dukan ƙarfen da ya kama bangon jirgin ciki da waje, wanda ƙafar ke juyawa a jikinsa. Wannan ba ya yiwuwa sai an ciro inji, saboda farantin ciki na mazaunin shi ne ke ɗauke da bayan injin. Mafi girma shi ne barin wani kamfani zuwa wani, a ce daga OMC zuwa MerCruiser, inda ramin bango da murfin bayan inji da bututun salansa da kebul ɗin giya da na sitiyari duk sai sun canza. Wanda ya tanadi kuɗin aiki na farko ya tarar da kansa cikin na uku, shi ne kuɗi ke ƙare wa a tsakiyar hanya.

A ganina, kafin a kashe ko sisi a kan ƙafa, bangon ake fara tambaya. A yawancin jiragen wancan zamani bangon baya ba faiba ne zalla ba. Filawud ne mai kauri aka sa a tsakiya, aka rufe shi da faiba ciki da waje. Haka ma dogayen ginshiƙan da suka miƙe a ƙasan jirgi, waɗanda inji ke zaune a kai, katako ne a cikin rigar faiba. MerCruiser ya ƙayyade cewa kaurin bango a inda mazaunin ƙafa zai kama ya kasance tsakanin inci 2 da inci 2 da kwata, fuskokinsa biyu kuma su daidaita da juna. Dalili kuwa shi ne duk ƙarfin da farfela ta tura ruwa da shi, ta wannan ɗan wuri yake bi ya shiga jikin jirgi.

Ruwa kuma ba ya rasa hanya. Ramin toshiyar da ake zubar da ruwa, ƙusoshin tsani, sukurun da wani mai jirgin na baya ya ɗaura na'urar auna zurfi da su bai sa gam ba, bakin babban ramin da masana'anta ba ta shafe da kyau ba, ta kowanne ruwa kan tsattsafa a hankali cikin shekara talatin ko arba'in, ya shiga katako ya rasa mafita. Daga waje bango na ƙyalli, ciki kuwa ya koma kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Ana gane hakan ba tare da wasu manyan kayan aiki ba. A bi bangon da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa: lafiyayyen wuri yana ba da sauti mai kaifi, ruɓaɓɓe kuma sautinsa a dushe yake. A ɗaga ƙafar sama, mutum mai nauyi ya danna ta ƙasa da ƙarfi, wani ya zuba wa bangon ido. Idan ya motsa ko yaya ne, ko aka ga tsaga-tsaga a fentin da ke kewaye da mazaunin, akwai matsala. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce a huda ƙananan ramuka daga ciki, ƙasa-ƙasa kusa da babban ramin, ba tare da an ɓulla waje ba, a dubi garin da ya fito. In fari ne busasshe, lafiya lau, a cike ramukan da gam mai ƙarfi. In baƙi ne mai danshi da wari, katakon ya tafi.

Ina nacewa a kan wannan ne saboda sabuwar ƙafa ba ta daɗewa a kan ruɓaɓɓen bango. Da zarar bango ya lotsa, ko ginshiƙan inji suka zauna, layin da ke tsakanin inji da ƙafa ya kauce. A bayan inji akwai wata mahaɗa mai roba da haƙora a ciki, inda sandar ƙafa ke shiga. Layi in ya kauce, haƙoran nan su ke fara cinyewa, wata rana a tsakiyar ruwa inji ya yi ta ruri jirgi bai motsa ba, kuma sauya wannan mahaɗa sai an ciro inji. Abin da ya fi wannan muni shi ne bangon da ya yi laushi ba ya matse robar da ke tsakaninsa da mazaunin ƙafa, ruwa ya dinga shigowa ta wurin da ke nutse a ƙarƙashin ruwa. A nan magana ta bar kan kuɗi ta koma kan rayukan waɗanda za a ɗauka.

Sai dai ruɓewar bango tana buɗe wata dama da ba a samu a wani lokaci. Tunda za a ciro inji, a kwance mazauni, a kankare tsohon katako a sa sabo, mai aikin yana da ikon toshe tsohon rami da faiba ya yanka sabo yadda yake so. Tun ran gini ran zane. Duk wanda ke da niyyar barin wani kamfani zuwa wani, a wannan gaɓa ya kamata ya yi, domin rabin wahalar ta riga ta zama dole.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne ƙafar OMC da aka sani da Stringer, wadda aka yi ta ƙerawa daga shekarun 1960 har zuwa 1985. Ƙirarta ta bambanta da ta kowa. Ba a jikin bango take rataye ba. A jikin inji aka ɗaure ta, inji kuma a kan ginshiƙan ƙasa, sai ta leƙo waje ta wani ƙaton rami da faffaɗar roba ta toshe. Maimakon mahaɗar gicciye da sauran kamfanoni ke amfani da ita, wadda ke barin sandar tuƙi ta karkata tana juyawa, wasu giyoyi biyu masu dunƙulallun haƙora ne ke miƙa wa juna ƙarfi, kuma suna saurin cinyewa idan aka yi tafiya da ƙafar a ɗage. Waɗanda aka ƙera har zuwa 1977 da lantarki ake sa musu giya, ta wasu sifirin da maganaɗisu ke matsewa, suna kuma da nasu man giya na musamman wanda in aka zuba wani sai su fara zamewa. OMC ya durƙushe a watan Disamba na 2000. Bombardier na Kanada ya sayi Johnson da Evinrude a 2001, amma Stringer kam an riga an daina ƙera ta shekara 15 kafin rushewar kamfanin. Har yau ƙananan kamfanoni irin su Sierra da GLM suna yin wasu kayanta masu cinyewa, kamar sil, wato robar da ke hana mai fita da ruwa shiga, da fankar famfon ruwa, amma manyan sassa galibi sai daga matattun jirage ake samo su, kuma makanikan ruwa da yawa ba sa karɓar aikinta sam.

Duk da haka ba zan ce duk mai Stringer ya jefar da ita ba. Idan tana shiga giya lafiya, ba ta shan ruwa, katakon jirgin busasshe ne, mai ita kuma yana iya riƙe sifana da kansa, sannan yawonsa bai wuce ƙaramin tafki kusa da gida ba, ya ci gaba da morar abarsa, ya kuma sayi wata ya ajiye duk ranar da ya ci karo da ita. Amma idan gangarta ta fashe, ko bango da ginshiƙai sun ruɓe, zuba kuɗi a kanta asara ce da za a sake yi. Hanyar da masu wannan aiki suka fi bi a nan ita ce su nemi wani jirgin da jikinsa ya mutu amma injinsa da ƙafarsa na MerCruiser lafiya, su saye shi sukutum, su kwaso komai: inji, mazauni, ƙafa, famfon haidirolik, sitiyari, sandar giya, har da wayoyi. Kayan da suka yi aiki tare sun riga sun dace da juna, kuma ƙananan abubuwan da ke cinye kuɗi idan ana sayensu ɗaya-ɗaya duk sun zo a haɗe. Abin lura shi ne wurin da za a yanka sabon rami. Kamfani yana da takardar awo da ake mannawa a bango, kuma ana so faffaɗan farantin da ke saman farfela ya zo daidai da ƙasan jirgi ko kusa da haka. In ya yi sama da yawa farfela za ta riƙa shaƙar iska a kwana, in ya yi ƙasa ƙafar ta riƙa jan ruwa tana rage gudu. Kuma duk injin da za a sa, sitata da altaneta da kafiretonsa su zama na ruwa. Na mota suna fitar da tartsatsi ko tururin fetur, shi kuwa tururin fetur a ƙasan jirgi yake taruwa saboda ya fi iska nauyi.

Cobra ta OMC, wadda ta gaji Stringer a 1986, labarinta da sauƙi. A jikin bango take rataye kamar ta MerCruiser, kuma jiragen Four Winns da Chris-Craft da Bayliner da yawa na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 da ita suka fito. Ƙarfenta mai kyau ne. Abin da ya ɓata mata suna kebul ɗin giya ne: in ya yi tauri ko saitinsa ya kauce, kuloci ba ya shiga sosai, haƙoransa su dinga tsalle har su lalace tare da giyar ƙasa. Cobra da ke fita daga giya tana bugawa, in an kama ta da wuri, sabon kebul da saitin wanda ya san aikin sukan wadatar. In kuma giyoyin sun riga sun tafi, akwai mafita biyu. A 1993 OMC da Volvo Penta suka haɗa gwiwa, daga nan aka sami ƙafar Volvo SX wadda ta tashi a kan tsarin mazaunin Cobra. Kamfanin SEI da ke jihar Fulorida kuma yana sayar da kayan da ke ba da damar ɗaura ƙafa irin ta Alpha a mazaunin Cobra ba tare da ciro inji ba.

Tsofaffin ƙafafun Volvo masu lamba 270 da 280 da 290 ba kasafai suke buƙatar sauyi ba. Kulocinsu yana kamawa ne ta gogayya, a hankali, ba tare da ƙarar haɗuwar haƙora ba, kuma an yi su da ƙwari. Kayan gyaransu da tsada amma ana samu. Inda suka fi ba da matsala shi ne borisan da ke cikin murfin bayan inji, waɗanda ake mantawa ba a sa musu giris, da kuma bakin bututun ruwan sanyaya inji da gishiri kan cinye.

Mai Alpha One shi ya fi kowa samun sauƙi, domin babu ƙafar da ta kai ta yawa a duniya, kuma har gobe ana ƙera ta. Zubi biyu ce: na farko ya tsaya a 1990, na biyu ya fara daga 1991, kuma ba sa shiga mazaunin juna, saboda haka a karanta lambar da ke jiki kafin a biya kuɗi. An tsara ta don injin da bai wuce ƙarfin doki 300 ba. Wanda ke shirin sa injin da ya fi haka sai ya koma Bravo, wata ƙafar ta MerCruiser wadda ta fito a 1988, amma ya sani cewa Bravo tana da nata mazaunin, kuma famfon ruwanta a jikin inji yake, alhali na Alpha a cikin ƙafar yake. Wato aiki ne na ciro inji da ƙarin kaya.

To, a ce bango lafiya, kayan gyara kuma ana samu. Yanzu ne ake tambayar ƙafar kanta, kuma man giya shi ne shaida na farko. A kwance toshiyar ƙasa a tara abin da ya fito. Mai tsabta ko mai ɗan duhu ba abin damuwa ba ne. In ya yi fari ya yi kauri, ruwa ya shiga. In kuwa ruwa zalla ne ya fara zubowa kafin mai, ya daɗe a ciki, kuma ga jirgin da ya yi hunturu a ƙasar ƙanƙara wannan na nufin a bi gangar da ido sosai, domin ruwan da ya daskare yana tsaga alminiyam. Toshiyar tana da maganaɗisu. Ɗan laushin garin ƙarfe a jikinta ba komai, amma ɓarɓashin da za a iya ji a tsakanin yatsu guntun haƙorin giya ne ko na boris. Baƙin mai mai ƙauri kuma alama ce ta giyar da ta sha zafi, mai yiwuwa an yi tafiya da ita mai ya yi ƙasa.

Bayan an tsiyaye man sai a hura wa ƙafar iska da famfon hannu, tsakanin 10 da 15 a irin gejin da masu faci ke auna taya da shi, a bar ta 'yan mintuna ana juya sandunan a ga ko allura za ta sauka. Daga nan a zuƙe iskar a ga ko za ta riƙe. Gwaji biyu ake yi saboda aiki biyu sil ke yi, hana mai fita da hana ruwa shiga, kuma yana iya cin ɗaya ya faɗi ɗaya. Ƙafar da ta faɗi wannan gwaji amma giyoyinta lafiya, sil kawai take nema. Sau da yawa ma zaren kamun kifi ne ya naɗe a bayan farfela ya yanke shi. Haka nan fiffiken da ke ƙasan ƙafar idan ya karye sakamakon bugun dutse, mai waldar alminiyam zai mayar da shi, muddin sandar farfela ba ta lanƙwashe ba.

Gyara yana daina riba ne a wurare biyu. Ɗaya shi ne idan giyar sama da ta ƙasa duk sun lalace. Haɗa waɗannan giyoyi aiki ne na awo da siraran zobban ƙarfe da kayan aiki na musamman, kuskuren da bai kai kaurin takarda ba yana iya cinye sabbin giyoyi cikin ɗan lokaci, kuma ladan ƙwararre da kuɗin kaya sukan kai ko su wuce kuɗin sabuwar ƙafa. Ɗayan kuma, wanda ba shi da magani, shi ne alminiyam da ruwan gishiri ya ci. Ƙafa tana nutse kusa da wasu ƙarafa, musamman farfelar ƙarfe mara tsatsa, ruwan gishiri kuma yana haɗa su kamar sassan batir, alminiyam ne ke narkewa. Domin haka ake ɗaura wasu guntayen ƙarfe da za su cinye a madadinta: tutiya a ruwan gishiri, maganiziyam a ruwan daɗi, wani haɗin alminiyam kuma yana aiki a duka biyun. Jirgin da aka bari a teku ba a sauya masa waɗannan ba, ko aka shafa wa ƙafarsa fenti mai jan ƙarfe a ciki, za a ga farin gari da ramuka a jikinta. Ramukan da suka tsaya a fata ana kankarewa a yi fenti. Amma in cin ya kai zaren da ke riƙe gidan boris a bayan farfela, ko wurin da sil ke zama, gangar ta gama aiki. Kuma ƙafar da gishiri ya yi wa haka, da wuya mazauninta da bututun salansar da ke bayan inji su tsira. A duba su kafin a yanke shawarar cewa ƙafa kaɗai za a saya.

Akwai kayan da ba a muhawara a kansu, ko gyara aka zaɓa ko sauyi. A Alpha, tsakanin ƙafa da mazauni akwai robobi uku masu naɗe-naɗe, waɗanda ke miƙewa su takure yayin da ƙafar ke motsi: babbar tana rufe sandar tuƙi da mahaɗar gicciye, ɗaya ta salansa ce, ƙaramar kuma ta kebul ɗin giya. Babbar da ƙaramar su ne kaɗai abin da ke tsakanin ruwa da cikin jirgi a wannan wuri. In suka tsage, ruwa zai fara cinye boris ɗin da ke cikin mazauni, wanda ake gane mutuwarsa da gurnani idan an karya sitiyari, sannan ya wuce ciki. Masu inshorar jiragen ruwa a Amurka sun daɗe suna lissafa tsagewar waɗannan robobi cikin abubuwan da ke nutsar da jirgi yana ɗaure a bakin gaɓa. Robar da ba a san shekarunta ba a ɗauka ta mutu. A sauya su duka, tare da boris ɗin mazauni, da kebul ɗin giya, da tiyon ruwa, da fankar robar famfo. Yana da kyau kuma a kama ƙafar a girgiza ta gefe da gefe: in tana wasa da yawa ba tare da sitiyari ya motsa ba, sandar juyawa ta sama ta cinye mazauninta, jirgin zai riƙa yawo a ruwa ko da sabuwar ƙafa.

In an kai ga saye, abu na farko da za a tabbatar shi ne lissafin giya, wato juyi nawa inji ke yi kafin farfela ta yi zagaye ɗaya. Ƙafafu biyu na iya zama iri ɗaya a ido amma cikinsu daban. A Alpha ta zubi na biyu, injin lita 5.7 mai silinda takwas galibi da 1.47 yake tafiya, na lita 5.0 da 1.62, na lita 4.3 mai silinda shida da 1.81, ƙaramin mai lita 3.0 kuma da wajen 2. In lambar da ke jiki ta goge, a sa giya, a juya sandar shiga ana ƙirgawa har farfela ta yi zagaye 10: juyi kusan 15 na nufin 1.47, kusan 18 na nufin 1.81. Sa wa ƙaramin inji giyar babba yana sa shi nishi ya kasa ɗaga jirgi, sa wa babba giyar ƙarami kuma yana sa shi wuce iyakar juyinsa. Sauya farfela yana gyara ɗan bambanci, tunda kowane inci ɗaya na karkatar fiffikenta yana canza juyin inji da kamar 150 zuwa 200 a minti, amma ba ya rufe babban kuskure.

Tsakanin sabuwa ta kamfanin asali, da kwaikwayo irin ta SEI, da ta hannu, ni ga ƙaramin jirgin iyali mai injin da bai kai doki 300 ba na fi karkata ga kwaikwayon. Kuɗinta ya yi ƙasa da na asali nesa ba kusa ba, tana zuwa da garanti, kuma akwai wadda ta dace da mazaunan MerCruiser tun daga na farkon shekarun 1970. Ta hannu kuwa ba laifi, amma sai an yi mata duk gwajin da aka bayyana a sama a gaban mai saye, an kuma san irin ruwan da ta zauna a ciki. Sabon fenti a jikin tsohuwar ƙafa dalili ne na ƙara bincike.

Wasu kan tsallake duk wannan su toshe ramin gaba ɗaya, su ɗaura wani kangon alminiyam a bayan bango, su rataya inji na waje. Dabarar tana da hujja. Injin lita 5.7 da ƙafarsa sun haura kilo 400, alhali injin ratayawa mai doki 200 ɗan sama da kilo 200 ne, ga fili da ake samu a cikin jirgi, ga shi ana iya ɗaga shi ya fita daga ruwan gishiri gaba ɗaya, babu kuma robobin da za su tsage. Amma nauyin ya koma can baya, yadda jirgin ke zama a ruwa da yadda yake tashi duk za su canza, wani lokaci sai an matsar da tankin mai da batir gaba, bangon kuma sai an ƙarfafa shi da ƙarin ginshiƙai. Kuɗin sabon inji na waje shi kaɗai ya fi duk sauran hanyoyin. Inda na ga wannan zaɓi ya fi dacewa shi ne ga wanda ya shigo da irin wannan jirgi na hannu zuwa Legas ko tafkin Kainji. A can makanikai da kayan gyaran injin ratayawa, musamman Yamaha, su ne a hannu, alhali robar Alpha ko giyar Volvo mai yiwuwa sai an yi oda daga ƙetare an zauna jira.

Akwai kuma jiragen da darajarsu ke cikin zamansu yadda aka ƙera su. Donzi mai tsawon taku 16, wanda Don Aronow ya fito da shi a 1964, da yawa daga na farkonsa da ƙafar Volvo suka zo, kuma masu tara irin waɗannan jirage suna neman su da kayansu na asali. A nan gyaran tsohuwar ƙafa, ko da ya fi tsada, shi ne daidai. Jirgin gama-gari da aka ƙera dubbai kuwa, mai saye nan gaba abin da zai tambaya shi ne ko ana samun kayan gyaran abin da ke bayansa.

Ko wace hanya aka bi, kada a mayar da ƙafa sai an gwada layi. Akwai sandar ƙarfe da aka yi don haka, ana shafa mata giris a tura ta ta cikin boris ɗin mazauni zuwa mahaɗar bayan inji. Ya kamata ta shiga ta fito da ƙarfin yatsu kawai, haƙoran mahaɗar kuma su bar alama iri ɗaya a jikin giris ɗin ta kowane gefe. In ba haka ba, sai a ɗaga ko a sauke gaban inji da notin ƙafafunsa har ta daidaita. A ranar gwajin farko a bar jirgin a kan tirela, a tura shi baya cikin ruwa har mazaunin ya nutse, a haska ƙasan inji da tocila a tabbatar babu ɗigo. Sannan a fita, inji ya yi ɗumi, a buɗe masa wuta na ɗan lokaci a karanta agogon juyi. Yawancin waɗannan injinan fetur ana so su tsaya tsakanin 4,200 da 4,800 a minti, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kowanne. Bayan an dawo a sake kwance toshiyar ƙasa a dubi launin man giya.